Me ya sa zanen tafin hannun yaran a kwaɓin fulawa ya tsattsage?

"Maigida, barka da aiki. An haɗa ni da ƙananan yara 'yan shekara 3 zuwa 6, kowa yana son ya yi wa mahaifiyarsa kyauta da hannunsa. Mun kwaɓa fulawa da gishiri, suka danna tafin hannunsu a kai. Da muka gasa fayafayan, wasu suka kumbura, wasu suka tsage, waɗanda suka tsira kuma suka yi laushi bayan mako guda. Ina na kuskure?"

Yarona, aikin da ka zaɓa ya dace da shekarunsu, kada ka canza shi. Matsaloli ukun da ka faɗa kowacce da tushenta, kuma duk a ɓangaren babba suke, ba na yaran ba.

Fara daga awo. Kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri mai laushi, ruwa kusan kofi 1, dukansu da kofi guda za ka auna. Kada ka juye ruwan gaba ɗaya. Zuba kashi uku cikin huɗu ka gauraya, sauran kuma cokali-cokali har kwaɓin ya haɗe. In gishirinka mai tsakuwa ne, daka shi tukuna, domin manyan ƙwayoyi ba sa narkewa, kuma daga wurinsu tsagewa take farawa. Sannan ka murza minti 8 zuwa 10, kada ka yi ƙyuya a nan. Gwajinsa mai sauƙi ne: danna babban yatsa a tsakiya. In bakin ramin ya tsattsage, kwaɓin ya yi tauri, jiƙa hannunka ka ci gaba da murzawa. In ya manne maka a yatsa, barbaɗa fulawa kaɗan. Wannan awon zai ishi tafin hannu uku ko huɗu na ƙananan yara.

Kauri shi ne inda masu koyo suka fi faɗuwa. Santimita 1 ake so, daga wannan baki zuwa wancan. Samo siraran katako biyu masu wannan kauri, ka ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, kwaɓin a tsakiya, sai ka mirgina kwalba mai santsi a kansu. Kwalbar ba za ta wuce katakon ba, don haka ko'ina zai zo daidai. Ka shimfiɗa shi a kan takardar gashi, wato wadda ake sawa a tiren tanda, tun farko, saboda ɗaga ɗanyen kwaɓi da hannu yana karkatar da shi. Ka kifa kwano a kai ka yanke da'ira wadda ta fi tafin yaron faɗi da yatsa biyu a kowane gefe.

Wajen dannawa, shafa wa yaron fulawa a tafi, ya ware yatsunsa, ya ɗora. Kai ne za ka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kana dannawa a hankali, sannan tsakiyar tafin, sai ka riƙe wuyan hannunsa ka ɗaga sama sak, kada ya ja gefe. Zurfin ya tsaya a rabin kaurin. Yaron da ya hau da dukan ƙarfinsa yakan bar tsakiyar siririya kamar takarda, gefe kuma da kauri, to siririn wurin zai riga bushewa ya tsuke, mai kaurin bai bi shi ba, sai tsaga ta ratsa tsakaninsu. In haka ta faru, dunƙule ka sake shimfiɗawa, yara ma sun fi son a maimaita. Huda ramin rataya da bututun shan lemo tun yana ɗanye, nesa da baki kamar santimita 1 da rabi. Wanda ya jira sai ya bushe sannan ya huda, fasa shi zai yi.

Kumburin kuwa abu biyu ke kawo shi. Ko dai fulawar irin wadda aka riga aka zuba wa sinadarin kumburi ce, ko wuta ta yi yawa. Da zafi mai ƙarfi, saman yana yin ɓawo nan da nan, ruwan ciki ya zama tururi ya rasa mafita, sai ya tura sama ya shafe zanen yatsun. Busarwa muke yi, ba gashi ba. Ka bar fayafayan su kwana a buɗe, washegari ka sa su a tanda a kan digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, awa 2 zuwa 3, ka juya su in an yi rabi. In babu tanda, ka jera su a kan raga a inuwa inda iska ke wucewa, kana juya su kullum, kwana 4 zuwa 7. Kada ka shanya su a tsakar rana, domin sama zai bushe ya bar ƙasa, faifan ya lanƙwashe. Kafin ka ce ya bushe, ƙwanƙwasa bayansa da farce. Busasshe yana ƙara kamar katako, kuma bayansa fari ne bai ɗaya. Tabo mai duhu a tsakiya yana nufin da sauran ruwa.

Laushin bayan mako guda halin gishiri ne, yana zuƙar laima daga iska. Maganinsa rufewa. Bayan yaran sun shafa fenti ya bushe, ka bi shi da banish, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, shafi biyu ko uku, gaba da baya da gefe, har cikin ramin rataya, kana barin kowane shafi ya bushe. Wannan aikinka ne kai kaɗai, a waje, babu yaro kusa. Amma fa in ka rufe wanda bai gama bushewa ba, ka kulle ruwa a ciki ke nan, fumfuna zai ci shi. Fentin akirilik ya fi, a shafa shi da burushi mara ruwa sosai, saboda fenti mai ruwa-ruwa yana jiƙa saman ya narkar da shi. Ƙaramar tsaga ana cike ta da farin gam na kafintoci da aka gauraya da ɗan fulawa, in ya bushe a goge da samfefa.

Idonka ya kasance a kan bakin yaran. Gishirin da ke cikin wannan kwaɓi ya isa ya cutar da ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa, haka ma kare ko kyanwa. Mai ciwo a hannu kuma ya jira ya warke, don gishiri zai yi masa raɗaɗi.

'Yan shekara 5 da 6 da suka gama da wuri, ba su zaren roba da manyan duwatsun ado su yi abin hannu. Yanka santimita 30, ka jajja shi sau uku ko huɗu don kada ya saki daga baya, ka liƙe ƙarshe ɗaya a tebur da salatif. Ƙullin naka ne: ƙulli biyu, na biyun ka zagaya sau biyu, ka ɗiga gam. Yaron da bai kai shekara 3 ba kada ya kusanci duwatsun, shaƙewa suke jawowa.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne hannunka ya tsaya a kan awo, wuta, huji da banish. In yaro ya shafa fenti ya tsallake layi, kada ka gyara. Uwar tana son ta ga yatsan nan da ya karkace da shuɗin da ya hau kan ja, da su za ta gane aikin ɗanta ne. Ba su launi biyu ko uku kawai, kowanne da burushinsa, in ba haka ba za su cakuɗa komai ya koma ruwan ƙasa. Kowane zama kada ya wuce minti 20, kwaɓi da dannawa rana ɗaya, fenti wata rana. Rubuta sunan yaro da shekarar a baya kafin banish. Ka naɗe shi a takarda, ba leda ba, domin leda tana tara gumi, kuma ka gaya wa yaron ya faɗa wa mahaifiyarsa a rataye shi nesa da tururin girki da banɗaki.