Tambaya da Amsa: Me ya sa masu sharhi suka kushe Taken 2?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na kalli Taken 2 kuma ya burge ni, sai na ji an ce masu sharhin fim sun yi masa kaca-kaca. Ina laifinsa yake? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Da fim ɗin ya fito a 2012, wajen kashi 22 cikin 100 na masu sharhin da shafin Rotten Tomatoes ya tattara ne kawai suka yaba masa, alhali Taken na farko ya samu kusan 60. Wannan lamba ba maki ba ce, adadin waɗanda suka ce fim ɗin ya yi ne.

Babban laifinsa shi ne an cire gaggawa. A na farko, Bryan Mills (Liam Neeson) na da awa 96 ya gano 'yarsa Kim da aka sace a Paris kafin ta ɓace har abada, saboda haka duk ƙofar da ya ɓalle akwai dalili. A na biyu an juya labarin: Murad, wani dattijo ɗan Albaniya da Mills ya kashe wa ɗa, shi ne ya biyo Mills da iyalinsa Santambul don ramuwar gayya. A ganinmu wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin uba ne ke fuskantar uba. Sai dai marubutan, Luc Besson da Robert Mark Kamen, ba su raine ta ba. Bayan jana'izar da aka buɗe fim da ita, mutanen Murad sun koma taron da ake harbewa ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, ɗaukar faɗan. An canza darakta daga Pierre Morel zuwa Olivier Megaton, wanda ke girgiza kyamara yana yanka hoto gutsi-gutsi. Ido na buƙatar ganin abu uku a faɗa: inda kowa ya tsaya, tashin hannu, da saukar naushi. Idan aka yanke kafin naushi ya sauka, ƙara kawai za ka ji, ba ka san wa ya bugi wa ba.

Sai wurin gurneti. Mills na ɗaure a wani wuri, ta waya ya sa Kim ta zana da'ira a taswira da igiyar takalmi, ta jefa gurneti, shi kuma yana ƙirga daƙiƙu har ƙarar ta iso masa, don ya gane nisan da ke tsakaninsu. Lissafin na da tushe, don sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa. Abin da masu sharhi suka ƙi haɗiyewa shi ne a riƙa fasa gurneti a tsakiyar birni mai miliyoyin mutane kamar ba kowa a ciki.

Tambaya: Idan bai yi kyau ba, ta yaya ya fi na farko ciniki? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, ya fi shi kam: wajen dala miliyan 376, na farko kuwa miliyan 226. Tikitin kashi na biyu yawanci sunan na farko ne ke sayar da shi, kuma mutane da yawa sun san Taken ne ta faifan DVD da talabijin bayan ya bar silima. Akwai kuma batun shekaru. A Birtaniya na farko sai ɗan shekara 15 zuwa sama ke shiga, amma aka rage wa na biyu wasu wuraren zubar da jini har ya samu matakin 12A, wanda yaro zai iya kallo tare da babba. Hakan ya ƙara yawan masu sayen tikiti, kuma shi ne ya dusashe faɗan da masu sharhi suka yi kuka da shi.