Idan babu komai a sarari, a kan me haske yake tafiya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. An koya mana cewa haske yana ratsa sarari marar komai, amma sauti ba ya iyawa. To a kan me hasken yake tafiya? Kuma me ya sa kwalbar da aka zuƙe wa iska take janyo abubuwa cikinta?

Amsa: Ɗana, bari in fara da ta biyun, don a nan na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Kwalbar ba ta jan komai. Iskar da ke waje ce take tura abu ciki.

Tambayi mai noman rani. Injin ban ruwa, komai ƙarfinsa, ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya haura mita 10, kuma a aikace ko nan ba ya kaiwa. Injin yana rage iskar cikin tiyo ne kawai, sai nauyin iskar da ke danne ruwan rijiyar ya cusa shi sama, kuma iyakar ƙarfin wannan nauyin ke nan. Shi ya sa ake zura famfon burtsatse can ƙasa, ya riƙa turo ruwan. Wannan matsala ta famfo ce ta kai Torricelli, almajirin Galileo, ga gwajinsa a Italiya a 1643. Ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi a kwano, zaibar ta sauka ta tsaya a kusan santimita 76, ta bar fanko a samanta. A 1648 aka hau wani dutse a Faransa da irin wannan bututu, tsayin zaibar ya ragu, domin iskar sama ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. Da fankon ne yake ja, hawan dutse ba zai canja komai ba.

Tambayarka ta farko kuwa, ka yi ta a kan hanya, manyan masana sun daɗe suna yin ta. Sun ɗauka akwai wani abu ɓoyayye da ya cika sarari, wanda haske ke bi ta cikinsa kamar yadda sauti ke bin iska. A 1887 masana biyu, Michelson da Morley, suka neme shi a Amurka da awo mai tsananin kyau, ba su ga alamarsa ba. Sauti girgizar ƙwayoyin abu ne, dole sai da su. Haske kuma kaɗawar filin lantarki da na maganaɗisu ne, wato tasirinsu da ke shimfiɗe a sarari, kuma waɗannan filaye suna nan ko an kwashe kowace ƙwayar zarra.

Abin da nake so ka riƙe shi ne "babu iska" daban, "babu komai" daban. Tsakanin taurari ma akan sami kamar ƙwayar zarra ɗaya a kowane ɗan murabba'in da faɗinsa, tsawonsa da tsayinsa santimita ɗaya ne. Jan duniya, wato ƙarfin da ke sa abu ya faɗo ƙasa, shi ma yana kaiwa inda babu iska. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kusan kilomita 400 a sama, ya kai wajen kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a ƙasa. 'Yan sama jannati suna shawagi ne saboda su da tashar suna faɗuwa tare, suna kewaya duniya.

Idan Allah ya kai ka jami'a za ka haɗu da aikin Casimir, masani ɗan Holan. A 1948 ya lissafa cewa faranti biyu na ƙarfe da aka kusanta ƙwarai a cikin fanko za su matso juna, saboda filayen lantarki da na maganaɗisu ba sa kwanciya gaba ɗaya. An auna wannan ƙarfi a 1997.