Amsa ga ƴar'uwar da likita ya ba shawarar karɓar maniyyin wani ko ƙwan wata

Assalamu alaikum. Ƴar'uwa, na karanta tambayarki tun daren jiya, inda kika ce shekararku tara da aure babu haihuwa, awo ya nuna babu ƙwayar haihuwa a maniyyin maigidanki, ke ma an ce ƙwanki ya fara ja da baya, kuma wani likita a Nijeriya ya ba ku shawarar a yi dashe (wato a haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti, a sa ɗan tayin a mahaifa) da maniyyin wani namiji, idan ta kama har da ƙwan wata mace. Na ga an ba ki amsoshi da yawa, amma galibinsu ba su wuce "haramun ne" ko "ki ƙara haƙuri" ba. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su isa ga matar da ta kwana tana juyi da takardar awo a ƙarƙashin matashi ba. Ni an yi mini wannan tayi har sau biyu, na farko a kan maigidana, na biyu a kaina, shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta miki a tsanake.

An yi aurenmu a nan Maraɗi a 2006, ina da shekara 25. Shekara bakwai cur ni kaɗai ake kaiwa awo, ni kaɗai ke shan jiƙe-jiƙe da rubutu, ni kaɗai ake yi wa hayaƙi, domin a garin nan idan gida ya rasa kukan jariri ba a ɗaga ido a dubi namiji. Kin san inda muke zaune. Ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna cewa macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, jihar Maraɗi kuwa ta haura takwas, saboda haka wadda ba ta haihu ba takan ji kamar ita kaɗai ce a duniya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa ɓangaren namiji na da hannu a kusan rabin matsalolin. Sai da aka fara yi masa maganar ƙarin aure da ƙarfi sannan ya amince, cikin sirri, ya kai maniyyinsa labo. Sakamako ya fito babu ƙwaya ko ɗaya.

A 2014 muka bi ta Ɗan Isa da Jibiya muka shiga Nijeriya, muka je wani asibiti mai zaman kansa. Likitan ya dubi takarda ɗaya tilo da muka zo da ita, bai duba jikin maigidana ba, bai ce a sake awo ba, sai ya ce ai abin da sauƙi, suna da ajiyayyen maniyyi na samari masu lafiya, za su zaɓo mai kama da shi a launi da tsawo. Abin da ban manta ba har yau shi ne, lokacin da maigidana ya fita alwala, wata ma'aikaciya ta matso ta raɗa mini cewa idan na ga shi ba zai yarda ba, ina iya dawowa ni kaɗai, ba sai ya sani ba. Ba na cewa duk asibitoci haka suke, na ga masu amana daga baya, amma ki sani akwai irin wannan, kuma mace mai ɗauke da gorin shekara tara tana iya jin wannan raɗa kamar rahama.

Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, wani likitan mafitsara ne a Yamai. Ya ce ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Ana so namiji ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai kafin awo, a sake shi bayan kamar wata uku, tun da ƙwayar maniyyi na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ta nuna, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya rage ta na ɗan lokaci. Ya kuma bayyana mana cewa rashin ƙwaya iri biyu ne: akwai wanda marainansa ba sa ƙera ta sosai, akwai kuma wanda suna ƙerawa amma hanyar fita ce ta toshe. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, da aikin gwaiwa tun ana yaro, suna iya toshe hanya. Hangum da ya kama namiji bayan balaga yana iya lalata maraina. Allurar ƙarin ƙarfin maza mai sinadarin testosteron kuwa tana tsayar da ƙerar ƙwaya baki ɗaya, kuma sau da yawa idan an daina sai ta dawo bayan watanni. Ya duba shi da hannu, ya sa aka yi awon jini na sinadarin FSH, mai nuna yadda maraina ke ƙera ƙwaya, ya ga komai daidai, ya ce alamu na nuna toshewa ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a ranar ne maigidana ya tuna da aikin da aka yi masa yana ɗan firamare.

Ki tambayi likitanku ko an yi wa naki maigidan wannan binciken. Idan ba a yi ba, to maganar maniyyin wani ta zo kafin lokacinta. Tun 1992, a Beljiyam, aka fara haihuwar jarirai ta hanyar da ake kira ICSI, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan mace da siririyar allura. Wannan ya sa namijin da babu komai a maniyyinsa ana iya ciro ƴan ƙwayoyi kai tsaye daga marainansa a yi aiki da su, kuma ko a cikin waɗanda matsalarsu ta ƙera ce, ana samun ƙwaya a wajen wasu idan an bincika da madubin tiyata. Mu mun sayar da fili da ƴan gwala-gwalaina muka tafi Tunisiya. A can dokar ƙasa ta 2001 ta hana amfani da ƙwai ko maniyyin wani, har sai da muka nuna takardar aure kafin a buɗe mana fayil, kuma na samu natsuwa da hakan ƙwarai. Dashen farko bai kama ba. Na biyu, da ɗan tayin da aka daskarar, ya kama, na haifi ɗiyata a 2016.

Tayi na biyu ya zo a 2022, ina da shekara 41, muna neman ƙani ga yarinyar. Wannan karon ni ce awo ya kayar. Mace ana haihuwarta da duk ƙwan da za ta yi a duniya, kimanin miliyan ɗaya zuwa biyu, ba ya ƙaruwa sai raguwa, kuma bayan shekara 35 yawansa da ingancinsa suna sauka da sauri. Awon AMH, wato awon jini mai nuna yawan ƙwan da ya rage, ya nuna nawa ya kusa ƙarewa. Na sha allurai kwana goma sha biyu a Abuja, aka samu ƙwai biyu, babu wanda ya zama ɗan tayi. Likitar, wadda na yaba da gaskiyarta, ta ce mahaifata lafiya lau, kuma da ƙwan yarinya ƴar shekara ashirin da wani abu damar ɗaukar ciki na da yawa, domin nasarar dashe ta fi bin shekarun mai ƙwan, ba na mai mahaifar ba. Ba ta ɓoye mini cewa cikin da aka samu da ƙwan wata ya fi zuwa da hawan jini da haɗarin jijjiga ba. Ta fuskar likitanci, ƴar'uwa, abin yana aiki, tun 1983 aka fara haihuwa ta wannan hanya a Ostireliya, kuma duk wanda ya ce miki ƙarya ce bai sani ba.

A nan ne zuciyata ta yi rawa fiye da karon farko. Na ce wa kaina ai ni zan ɗauki cikin, ni zan yi naƙuda, ni zan shayar, maniyyin kuma na mijina ne, to ina laifin? Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, da ta ji labari ta ce in dai ƙwai ne ta ba ni, jini ɗaya ne. Na kai maganar ga wani malami da na yarda da iliminsa, ban ɓoye masa komai ba. Bai yi mini tsawa ba. Ya tambaye ni ko maigidana na iya auren ƙanwata ina cikin gidansa, na ce a'a, Suratun Nisa'i ta hana haɗa ƴan'uwa biyu. Ya ce to ta yaya za a haɗa irinsa da nata a samu ɗa, alhali babu aure tsakaninsu, ba kuma zai yiwu a ɗaura ba? Sannan ya ce ko an haifi yaron, wace ce uwarsa, mai ƙwai ko mai mahaifa? Masu cewa mai haihuwa ce suna kafa hujja da aya ta biyu ta Suratul Mujadala, wasu kuwa suna duban asalin iri, kuma a kan wannan saɓani ne gado da muharramaka za su rataya har jikoki.

Wannan ba ra'ayin malami ɗaya ba ne. Tun 1980, shekara biyu bayan haihuwar jaririyar farko ta hanyar dashe a Ingila, Shaihu Jadul Haƙ, lokacin yana muftin Masar, ya ba da fatawa cewa dashe halal ne tsakanin miji da matarsa, amma shigo da iri na uku haramun ne. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta ƙasar Jodan, ta duba hanyoyi bakwai, ta haramta biyar, ta halatta biyu idan akwai buƙata, waɗanda duka maniyyin miji ne da ƙwan matarsa a mahaifar ita matar. Cikin biyar ɗin da aka hana har da dasa ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta, na faɗi wannan ne saboda na san a gidajenmu tunanin zai zo wa wasu. Za ki ji ana cewa ai a Iran ana yi. Gaskiya ne, jagoransu na lokacin Ali Khamene'i ya ba da fatawar halatta shi da sharuɗɗa a ƙarshen shekarun 1990, amma wannan fahimtar wasu malaman Shi'a ce, malaman Sunna kuwa, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, ba su tafi a kai ba.

Ko da an ajiye hukunci gefe, akwai abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ne sirrin. Ana sayar da wannan aiki ne da alkawarin cewa babu wanda zai sani, amma ƙasashen da suka daɗe suna yi su da kansu suna janye alkawarin. Ingila ta soke ɓoye sunan mai bayarwa tun 2005, yaro na da damar sanin wane ne idan ya kai shekara 18, Faransa ma ta bi sahu da dokar 2021, domin yaran sun girma sun ce haƙƙinsu ne su san asalinsu. Ga awon DNA da ya zama ruwan dare. Mu nan ma ba sai an kai ga DNA ba, awon sikila kaɗai ya isa: idan ke AA ce, maigida AA, yaro ya fito AS, me za ki ce a gaban likita da dangin miji? Ingila ta ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ba fiye da iyali goma ba, don kada ƴan uba su haɗu su yi aure ba su sani ba. Da na tambayi asibitin farko mace nawa aka ba maniyyin saurayi ɗaya, amsar da na samu murmushi ce. Sannan na zauna ɗakin jira ɗaya da ƴan matan da ke sayar da ƙwansu, yawancinsu ɗalibai masu neman kuɗin makaranta. Allurai iri ɗaya da nawa ake yi musu, ana zuƙo ƙwan da allura, kuma akwai haɗarin gidan ƙwai ya kumbura ciki ya tara ruwa, wanda ya fi kama masu ƙananan shekaru. Tun daga ranar na daina jin kalmar "taimako" yadda ake faɗarta.

Shawarata a aikace ita ce kada ki ɓata lokaci, domin a shekarunki 37 wata shida ma abu ne. Ku tafi tare wajen likitan mafitsara, a sake awo, a duba jikinsa da jininsa, ke kuma a yi miki AMH da ekografi (hoton ciki) da hoton bututun mahaifa. Ƙarancin ƙwai ba rashinsa ba ne, kuma ICSI ba ta buƙatar da yawa. Idan za ku yi dashe, ku karanta takardar amincewa layi-layi, a fassara muku idan da Ingilishi take, ku sa a rubuta ƙarara cewa ba ku yarda da iri na wani ba ko da naku bai samu ba, ku sa hannu ku biyu, ku riƙe kwafi. Ku kuma yanke tun a gida sau nawa za ku gwada da abin da za ku iya kashewa, domin na ga waɗanda suka sayar da gidan da suke ciki.

Mu da muka dawo daga Abuja mun rufe wannan babi. Maigidana ya nemi riƙon ɗiyar ƙaninsa, muka zaɓi mace da gangan, tun da shi baffanta ne, muharraminta, ni kuma mace ce, babu matsalar hijabi idan ta girma; da namiji muke so, da daga ɗakin ƴan'uwana za mu ɗauko. Tana amsa sunan mahaifinta kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni, ta san uwarta, ana kai ta Tibiri hutu, kuma maigidana ya rubuta mata wasiyya cikin sulusin dukiyarsa tun da ba ta cikin masu gadonsa. Idan kina son sanin yadda ake shirya tafiyar da irin takardun awon da za a nema, ki yi mini magana ta wajen shugabar zauren nan, zan kira ki da kaina in sha Allahu.