Motar tana yoyo, amma babban yoyon a lissafinka yake

Wani ɗan kasuwar gwari daga kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya sayi tsohuwar Toyota Sienna, ya damƙa wa ɗan yayarsa domin ya riƙa kai albasa da tumatir gidajen abinci a Ikeja da Yaba. Yanzu kusan kowane mako sai yaron ya karɓi kuɗin ƙarin baƙin mai, an sauya shokozoba sau biyu amma motar ba ta daina ƙara ba idan ta faɗa rami, tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta gefe guda. Yana tambaya ko ya sayar da ita ya ci bashi ya sayi ƙananan motoci biyu ya sa su Bolt, manhajar kiran motar haya ta waya, domin an gaya masa a nan kuɗi suke.

Alhaji, na karanta wasiƙarka har ƙarshe ina neman wurin da za ka faɗi nawa motar nan ta ci a wata shida, ban samu ba. Ka rubuta "kusan kowane mako" da "kuɗi masu yawa", alhali kai mutum ne da ba ya sakin kwandon tumatir bai san nawa ya sayo shi ba da nawa dako ya ci tun daga Arewa. Kuskurenka guda ɗaya ne, kuma shi zan tsaya a kai: mutum ɗaya ne yake gaya maka abin da ya lalace, shi yake zaɓar bakanike, shi yake zuwa kasuwar Ladipo sayen kayan gyara, shi ne kuma yake dawowa ya ce an gama, kai kuwa ba ka da rasit, ba ka da littafi, ba ka taɓa ganin tsohon ƙarfen da aka cire ba. Ban ce yaron yana cin amanarka ba. Ko da waliyyi ne, wannan tsarin zai ci maka kuɗi, domin bakanike yakan gane da wuri idan wanda ke tsaye a gabansa ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. Kunyar yayarka ce ta hana ka tambaya, kuma ita kake biya kowane mako.

Bari mu yi lissafin da ka ƙi yi. A ƙaddara lita biyu ake ƙarawa a mako, kowace lita a kan naira 6,000. Naira 12,000 ke nan a mako, sama da 600,000 a shekara, ana zuba su a kan titi. Idan yoyon daga gasket ɗin murfin inji yake, ko daga wani oyil sil da ya tsufa ya ƙanƙance, abin da za a kashe a toshe shi sau ɗaya bai kai kuɗin 'yan watanni na wannan ƙarin ba. Tambayar da ta kamata ka yi tun bara ita ce daga ina man yake fita, kuma amsarta ba ta buƙatar bakanike a matakin farko.

Ka sa a ajiye motar a ƙofar gidanka dare ɗaya, ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta, da safe ka duba da idonka. Baƙin mai yana barin ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, mai santsi, daidai ƙasan inji. Man giya na mota mai sauya giya da kanta ja ne, idan ya tsufa yakan koma ruwan ƙasa har da ƙaurin ƙuna. Ruwan lagireto yakan zama kore ko ja-ja, yana da wani ƙanshi mai zaƙi, sai dai idan tsurar ruwan famfo ake zubawa, kamar yadda direbobi da yawa suke yi a Legas, za ka ga ruwa mai launin tsatsa. Ruwa fari tas da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna na'urar sanyaya mota ba ciwo ba ne, kada kowa ya karɓi ko sisinka a kansa. Wanda ba a jinkiri da shi shi ne man birki, mai launin rawaya-rawaya, wanda yakan jiƙa bayan taya ta ciki. Idan ka gan shi, ko aka ce ana yawan ƙara shi, motar ba ta fita sai an gyara, ko da kaya na jira.

To idan kwalin ya kwana a bushe fa? Sai a tada inji ka tsaya a baya ka kalli hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nufin injin ƙona man yake yi, aikin ringi ne ko sil ɗin bawul, kuma wannan babban gyara ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, tare da man da ya koma fari-fari a ƙarƙashin murfi, alama ce ta cewa gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Amma idan babu ɗigo, babu hayaƙi, jikin inji a bushe, kuma sandar auna mai tana nuna daidai daga mako zuwa mako, to lita biyun nan ba cikin motar suke shiga ba, maganar kuma ta bar gareji ta koma tsakaninka da ɗan yayarka.

Maganar ƙafa ta fi ba ni haushi, domin sauya shokozoba sau biyu ba tare da ƙarar ta tafi ba yana nuna canke ake yi da kuɗinka. Shokozoban da ya mutu yana da alamarsa: jikinsa yakan jiƙe da mai, kuma idan ka danne kusurwar motar da ƙarfi ka saki, za ta yi ta lilo maimakon ta ɗago ta tsaya. Ƙarar ƙwanƙwasa a kan rami kuwa sau da yawa daga bushin da ya tsage take fitowa, ko daga bol joyin, ko ɗan sandan da ke haɗa ƙarfen daidaita mota da ƙafa, kuma yawancin waɗannan sun fi shokozoba araha. Ana ganewa ne ta ɗaga motar da jak a kama taya a girgiza ta. Idan ta yi wasa sama da ƙasa, a duba bol joyin ko boris. Idan ta yi wasa dama da hagu, a duba tayirod. Cinyewar taya ta gefe guda daga nan takan samo asali, kuma duk wanda ya kai motar alaimen, wato saita tayoyi, kafin a sauya abin da ya saki, ya yi asarar kuɗin alaimen da na taya gaba ɗaya. Ka kuma tambayi kanka buhun albasa nawa ake lafta wa motar da aka ƙera domin ɗaukar iyali, domin babu shokozoban da zai daɗe a ƙarƙashin irin wannan lodi, balle a hanyoyin da damina ta farfasa.

Na san wani mai gwari a Agege da ya yi irin naka da ƙaramar bas da ƙaninsa ke ja. An gaya masa bol joyin yana wasa, ya ba da kuɗin sabo, aka sa tsoho da aka ɗan matse aka shafa wa giris, ragowar kuɗin kuma ta bi inda ta bi. Wata safiya a kan titin Ikorodu tayar gaba ta kwanta, motar ta durƙusa a tsakiyar hanya da tumatir cike. Ya biya jan mota, ya biya tara, tumatir ya narke a rana, gidan abincin da ke jiransa ya koma wa wani dillali bai dawo ba. Da ya zo wurina, ko sunan garejin da aka yi aikin bai sani ba, kuma har yau shi da ƙanin gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Batun cin bashi domin Bolt kuwa, ba zan ɓata maka lokaci ba. Wanda bai san abin da mota ɗaya take ci ba, idan ya sayi biyu da bashi, ya ninka duhunsa ne ya ɗora ruwan bashi a kai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ke saura wa mai mota bayan kuɗin mai da kason kamfani da gyara ya matse ƙwarai, kuma direbobin da za ka ba motocin ba 'ya'yan yayarka ba ne. Masu gaya maka a nan kuɗi suke, ka roƙe su su nuna maka littafinsu na wata shida.

Abin da za ka yi shi ne ka ware rana ɗaya ka kai motar da kanka wurin bakaniken da bai san yaron ba, ka biya shi kuɗin dubawa kaɗai, ka gaya masa tun farko ba shi zai yi gyaran ba, domin kada ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Ka tsaya a wurin ya nuna maka kowane abu da hannu. Daga ranar, kowane gyara ya shiga littafi da kwanan wata da lambar kilomita da sunan abin da aka sauya, kuma ba a biya sai an kawo rasit da tsohon ƙarfen. Ka gaya wa yayarka da bakinka kafin labarin ya iso mata a karkace, ka kuma yanka wa yaron albashi tsayayye, domin direban da ba a biya yadda ya kamata daga kuɗin gyara yake biyan kansa.

Idan binciken ya nuna sil ne da bushin da bol joyin, ka gyara ka riƙe motarka, ka rage mata lodi. Idan kuwa injin yana ƙona mai, giya tana zamewa, ƙasan motar kuma tsatsa ta cinye shi saboda ruwan da take kutsawa duk damina, sayarwa ta fi, amma ka faɗa wa mai saye aibinta, sannan ka yi wata uku kana ɗaukar shatar mota kana rubuta abin da take ci, kafin ka yanke shawarar sayen wata.