Kowa Na Cewa "Tamam" a Taron Safe, Amma Aiki Ba Ya Gaba

Tambaya: Malam, ina jagorantar masu rubuta manhaja su bakwai a wani kamfani a Jidda. Mu biyu ne Hausawa, sauran 'yan Masar ne da Indiya da Sudan. Muna bin tsarin ajayil, wato raba aiki zuwa gajerun zanguna, kowace safiya daga Lahadi zuwa Alhamis muna taron tsaye, ɗan gajeren taro inda kowa ke faɗin inda aikinsa ya kai. Kowa sai ya ce "tamam, ma fi mushkila", wato lafiya lau, babu matsala, amma idan zangon mako biyu ya ƙare sai mu tarar aiki bai kai ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka bayyana tsoro ne, kuma a wurin da kuke yana da dalili. Yawancin mutanenka iƙamarsu, wato takardar izinin zama a ƙasar, na rataye da wannan aiki, ga iyali a gida suna jiran aike kowane wata. Mai irin wannan nauyi zai yi ta juya maganar a ransa kafin ya ce "na kasa" a gaban shugaba da abokan aiki shida.

A shekarun 1990 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazari a asibitoci, ta ga cewa rukunin ma'aikatan da ke da kyakkyawan jagoranci su suka fi kawo rahoton kurakurai, saboda ba sa fargabar faɗa. Wannan shi ne ya ɓace muku. Mutum 17 da suka rubuta sanarwar ajayil a Utah ta Amurka a 2001 ma, abin da suka fara sawa shi ne fifita mutane da mu'amalarsu a kan tsari da kayan aiki.

Abin da Daniel Goleman ya yayata a 1995 da sunan basirar sarrafa zuciya, daga kanka yake farawa. Ka lura da fuskarka a daidai lokacin da aka kawo maka labari mara daɗi. In ka ɗaure fuska, ko ka ja tsaki, ko ka ce "tun yaushe?" da kaushin murya, to ka koya wa mutum bakwai darasin yin shiru. Gobe ka riga kowa: ka ce jiya ka yi kuskuren lissafin lokaci, kana neman taimako. Da farko zai yi maka nauyi, na sani, amma sai babba ya buɗe wannan ƙofa na ƙasa ke shiga.

Sannan labarin zuciya a tambayi fuska. Ga yaro yana cewa "tamam" yana murza igiyar katin shaidarsa, idonsa a ƙasa, katin aikinsa kuma kwana uku bai motsa daga inda yake a allon bibiyar ayyuka ba. Kada ka titsiye shi cikin mutane. Minti 15 na taron tsaye domin tsara aikin ranar aka ware su. Ka bari bayan azahar ku sha shayi ku biyu, ka ce masa, "Ina ne abin ya tsaya maka?" Wannan tambayar tana samun amsa, "me ya sa ba ka gama ba?" kuwa uzuri take haifarwa.

Wani abu kuma, tunda ku biyu ne Hausawa: ka rage kewayawa da ɗan'uwanka kuna Hausa bayan taro. Sauran za su ɗauka can ake yanke shawara ta gaskiya.

A taron waiwaye na ƙarshen zango, ka raba 'yan takardu kowa ya rubuta abin da ya tare masa hanya ba tare da sa suna ba, a manna a allo, a zaɓi guda ɗaya a gyara kafin zango na gaba. Ka kuma roƙi manajan da ke samanka kada ya halarci wannan zama, kai ka kai masa abin da aka tsayar daga baya.