Tambaya da Amsa: Tankin cikawa na sigarin lantarki, ya ci kuɗinsa kuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya, ina gaisuwa, ya aiki ya zafi? Ni ɗan kabu-kabu ne nan Yamai, na daɗe ina shan sigari tun ina kwaleji, kwali guda a rana wani bi har ya wuce. Bana wani abokina na fada ya ba ni irin paf ɗin nan da ake sha a jefar, wallahi na ji daɗinshi har na ɗan rage sigari, amma fa kuɗi yake ci, kafin ka ankara ya mutu sai ka sayi wani. Yanzu wani mai butik ya ce in sayi mai tanki wanda ake cikawa da likid, wai ya fi arha kuma ya fi lahiya. To Yaya gaskiya ne ko ko cinikinshi yake nema?
Daga ƙanenka a Bukoki, Yamai

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, zafi alhamdulillahi. Mai butik ɗinka maganar arha ya faɗi gaskiya, maganar lahiya kuma ya ƙara gishiri, don abin da ke cikin paf da abin da ke cikin tanki kusan duk ɗaya ne: gilisarin, wani ruwa da ake kira PG, nikotin, sai ƙamshi. Batir ya ba da wuta, wata ƴar waya da ke naɗe da auduga ta yi zafi, audugar ta jiƙe da likid, sai ya zama tururi ka zuƙa. Ita wannan wayar ce masu sayarwa ke kira rezistans. A 2003 ne wani mai haɗa magani ɗan China, Hon Lik, ya ƙirƙiro abin, kuma har gobe mafi yawansu daga birnin Shenzhen suke fitowa. Bambancin dai shi ne paf in ya ƙare ka jefar da komai har batir ɗin da bai mutu ba, shi kuwa tanki likid kake ƙarawa, rezistans kake canzawa, sauran naka ne.

Lissafin kuɗin ba wuya. Irin paf ɗin da dokar Turai ta yarda da shi mililita 2 ne a ciki, kwalbar likid ƙarama kuwa mililita 10, ka ga kwalba ɗaya paf biyar kenan. Manyan da ake shigo mana da su sun fi haka ruwa, amma kar lambar nan ta dubu kaza da ke jikin kwali ta ruɗe ka, kamfani ne ya rubuta abinsa, kai da ke zuƙa mai tsawo ba za ka kai can ba. Ka je butik ka tambayi kuɗin kwalba ɗaya da kuɗin rezistans, ka haɗa na wata guda ka gwada da jikkunan da kake kashewa kan paf, za ka ga tazara. Watan farko ne zai yi ma nauyi saboda sayen na'urar kanta.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne mai butik ba zai daɗe yana bayani ba. Rezistans mutuwa take yi, sati ɗaya zuwa biyu ga mai sha sosai, in likid ɗin mai zaƙi ne ma ta fi saurin baƙi don zaƙin daskarewa yake a kan wayar. Kai ɗan moto ne ka sani, kamar buji ce, in babu ita komin kyan mashin sai turawa. Kuma kowace na'ura da irin tata, ta wannan kamfani ba ta shiga ta wancan, kai ko kamfani ɗaya ne wani lokaci samfuri biyu ba sa aron juna. A garin nan kayan nan ba wani dila tsayayye gare su ba, wani ne ya je Dubai ko China ya cuso su a jaka, in sun ƙare sun ƙare, sai ka ga mutum riƙe da na'ura mai tsada yana yawo daga Babbar Kasuwa zuwa Wadata yana nuna wa masu butik kamar mai cigiya. Ran da ya gaji kuma teburin mai sigari na nan bakin hanya yana jiransa. Shi ya sa ni tambayar farko da zan yi wa mai butik ita ce rezistans nawa gare ka a ƙasa yanzu, kuma irin wannan mutum nawa ke sayar da ita a Yamai. In shi kaɗai ne, ka bar masa kayansa. In ana samu, ka sayi fakiti biyu tun ranar farko.

Kar kuma ka ce za ka ja ta har ta gama mutuwa don tsimi. Da ka ji ɗanɗanon ƙonanniyar auduga ka tsaya, a wannan zafin ne likid ke rikiɗewa ya ba da gubobi irin su fomaldehaid da akrolin. Sabuwa kuma in ka saka, ɗiga mata likid kan audugar, cika tanki, ka ba ta minti biyar zuwa goma kafin zuƙar farko, masu gaggawa su ne ke ƙona sabuwa fil a ranar da suka saya.

Yanzu ga abin da ni a ganina ya sa tanki ya ci kuɗinsa, ya ma fi maganar arha. Duba jikin paf ɗinka, in ka ga 5% to miligiram 50 ne na nikotin a kowace mililita, alhali Tarayyar Turai ta tsayar da iyaka a 20. Ninki biyu da rabi kenan, kuma an sarrafa shi yadda ba ya kartar maƙogwaro, sai ka yi ta zuƙa kana jiran fasinja ba ka san adadin da ka sha ba. Sigari aƙalla tana ƙarewa ka jefar da guntu, wannan kuwa ba ya ce maka ya isa. Da tanki kai ke zaɓe: mai kwali guda a rana ya fara da 18 ko 12, bayan wani lokaci ya sauko 6, sannan 3, har sifili. Wannan tsanin paf ba shi da shi. Ka nemi ƙaramar na'ura mai matsatstsiyar zuƙa irin ta sigari, rezistans ɗinta wajen om 1 ko sama da haka (om shi ne ma'aunin rezistans), ka rabu da manyan nan masu cika ɗaki da hazo da yaran TikTok ke wasa da su, suna shan likid kamar ba gobe kuma in ka zuba musu mai ƙarfi sai jiri da tashin zuciya.

Akwai gwajin da aka yi a Ingila aka buga a 2019, mutum 886 masu son barin sigari, rabi aka ba su irin wannan mai tankin, rabi aka ba su filasta da cingam na nikotin, duka kuma ana musu nasiha. Bayan shekara kashi 18 cikin 100 na masu tanki sun bar sigari, ɗaya ɓangaren kusan kashi 10. Ka ga ya taimaka, amma ka lura 82 cikin 100 ba su bari ba, kuma cikin waɗanda suka bari ɗin 8 cikin 10 har lokacin suna riƙe da na'urar. Hukumar lafiya ta duniya ma har yanzu ba ta yarda a ce wa jama'a ga maganin barin taba ba, Indiya kuwa tun 2019 ta haramta shi gaba ɗaya. Abin da hukumomin lafiya na Ingila ke cewa shi ne ya fi sigari sauƙin illa nesa ba kusa ba tunda babu ƙonewa, babu kwalta, babu hayaƙin nan mai cinye iskar jini, amma su ma ba su ce lafiyayye ba ne.

Saboda haka ƙanena, in da niyyar yin sallama da sigari za ka saya, saya, ya fi paf ta kowace fuska in dai kana samun rezistans. In kuwa tanki da rana ne sigari da dare a fada wajen shayi, kamar yadda na ji kana cewa ka "ɗan rage", to kashe kuɗi biyu za ka yi, don ko kara ɗaya a rana yana taɓa zuciya fiye da yadda mutane ke zato. Ka sa rana, ka kyautar da ashana.

Wani abu na musamman gare ka: in na'urarka mai batir ɗin cirewa ce, irin 18650, kar ka kuskura ka jefa shi tsirara cikin aljihun da makullin moto da canjin fasinja suke. Ƙarfe ya haɗa kai da gindi sai wuta, mutane sun ƙone a cinya ta haka. Ledar jikin batir in ta yage a daina aiki da shi. Kuma kar ka bar shi a caji ka kwanta, balle da yadda kuran ke tafiya ya dawo da ƙarfi.

TAMBAYA: Yaya nawa tankin yoyo yake, kullum aljihuna ya jiƙe yana danƙo, ko jabu aka sayar min?
Daga Talaje

AMSA: Ba lalle jabu ba ne, rana ce. Gilisarin in ya ji zafi tsinkewa yake, iskar da ke cikin tanki kuma ta kumbura ta turo shi ta ramin iska, to ka tuna Afrilu da Mayu a nan muna wuce digiri 40 a inuwa ma. Kar ka bar shi cikin mota ko ƙarƙashin sirdin moto, ka ajiye shi a tsaye, kar ka cika shi maƙil, kuma kar ka zuba ta ramin tsakiya, wannan hanyar tururi ce. Duba ƴan zoben roba, in ɗaya ya tsage ko ya goce shi kenan. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga baki, sai ka riƙa wanke tankin da ruwan ɗumi ka bari ya bushe sarai. In duk ka yi wannan bai daina ba, rezistans ta tsufa.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Maigidana ya bar sigari ya koma wanga abu, na yi murna don warin ya bar ɗaki, amma kwalaben nan masu ƙamshin mangwaro yana barinsu bisa tebur kuma muna da yara ƙanana, na yi magana ya ce ba komi ba ne ƙamshi ne kawai. Mi za ni yi?
Daga ƙanwarka a Tawa

AMSA: Ƙanwata ke ce da gaskiya, kuma wannan ba maganar a bari sai ya huce ba ce. Ƴar kwalba mai mililita 10 in mai 18 ce, miligiram 180 na nikotin ke ciki, wannan guba ce ga yaro, kuma ga kala ga ƙamshi, shi yaro me ya sani in ba alawa ba? A Amurka a 2014 yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha irin wannan ruwan. Wannan ma na cikin aibin tanki da ba a faɗa, kwalba ce a buɗe cikin gida. Ki samu lokacin da ya natsu ki fara da yaba masa kan barin sigari, don ba ƙaramin ƙoƙari ya yi ba, sannan ki ce ke za ki ajiye masa, a sa cikin akwati mai makulli can sama, kar a juye cikin robar lemo ko kwalbar magani. In, Allah ya kiyaye, yaro ya sha, kar a tsaya ba shi madara ko manja ko a sa masa yatsa ya yi amai, a ɗauke shi sai likita tare da kwalbar don su ga ƙarfinta. Alamun su ne amai, dalalar miyau, zufa, rawar jiki. In a fata ya zube a wanke da ruwa da sabulu. Kuma ya riƙa fita tsakar gida in zai sha, balle in kina da juna biyu.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne mutum na iya haɗa likid ɗinshi a gida? Wani ya ce min in zuba ɗan man ƙamshi ko zuma ya ƙara auki.

AMSA: Kar ka soma. Huhu ba ciki ba ne, abin da ciki zai narkar huhu ba ya iyawa, musamman mai. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutum sama da 2,800 aka kwantar, 68 suka mutu, da aka bi diddigi mafi yawansu ruwan wiwi ne na bayan fage da aka sirka da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. Tunda tanki buɗaɗɗe ne komai na iya shiga, saboda haka ko a butik kar ka karɓi likid ɗin da aka ɗura a kwalbar da ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ko wanda ya sha rana a tebur har ya koma baƙi. Haka in aka miƙo maka na wani a fada ba ka san abin da ya zuba ba, ce na gode.

TAMBAYA: Yaya ni ɗalibi ne, ban taɓa shan sigari ba amma abokaina duk suna da shi, wanne ya fi dacewa da mai farawa?

AMSA: Babu. Duk bayanin da na yi sama na wanda sigari ta riga ta kama ne yana neman hanyar fita, kai kuma ƙofar shiga kake tambayata. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25 kuma nikotin ya fi saurin kama matashi, kan haka ne ma da sharar batir Beljiyam, Faransa da Birtaniya duk suka hana sayar da paf na jefarwa a 2025. Kuɗin ka sa forfe ka yi karatu, in kuma sun matsa maka a fada ka ce kai ne mai dafa shayi, hannunka ba sarari.