Hukuncin Jin Ƙyanƙyami Wajen Jinyar Mahaifiya

Tambaya: Malam, ni da yayata muke jinyar mahaifiyarmu a Unguwar Rogo, Jos, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Duk sanda zan gyara ta bayan ta yi bahaya sai zuciyata ta tashi, yayata kuwa ko a jikinta. Dangi suna cewa girman kai ne. Shin ina da zunubi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba mahaifiyarku lafiya. Tashin zuciyar da yake zo miki ba da zaɓinki ba babu zunubi a cikinsa, domin Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin matarsa Maimuna, sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya son sa. Khalid ya ci, Annabi (SAW) yana kallonsa. Abinci ɗaya, ɗabi'a biyu, kuma ba a zargi kowa ba.

Binciken likitoci ya zo daidai da wannan, domin akwai sashen ƙwaƙwalwa da suke kira insula, wanda yake motsawa idan mutum ya ga ƙazanta ko ya shaƙi wari, kuma ƙarfin ƙyanƙyami ya bambanta tsakanin mutane, masu yawan fargaba da damuwa sukan fi jin sa. Saboda haka dangin da suka kira shi girman kai sun yi gaggawa, tun da Annabi (SAW) ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane.

Abin da za a tambaye ki a kansa shi ne abin da kika bayyana. Allah Ya hana a ce wa iyaye ko da "tir" a Suratul Isra'i, aya ta 23, kuma yamutsa fuska ko toshe hanci a gabanta yana iya sosa mata rai fiye da kalma, musamman ga uwar da take jin nauyin halin da ta shiga. Ki sa safar hannu, ki buɗe taga, ki shafa turare a mayafinki. Duk wannan halal ne. Ya halatta kuma ku raba aiki, ki ɗauki ciyarwa da wanki, matuƙar yayarki ta yarda.

Idan abin ya kai ki ga maimaita wankin hannu ko alwala ba iyaka, to waswasi ne, sai ki nemi likita. Wallahu a'alam.